Wakilin Marasa Lafiya da Ya Daina Jin Kukansu

Akwai wani tela da mutanen unguwarsu suka laƙaba wa suna Rediyo, saboda idan ya buɗe baki babu wanda ya san inda ake murɗawa a kashe shi. Ƙafarsa tana kan keken ɗinki, bakinsa yana kan duniya. Masu gyaran hanya ba su iya aiki ba, mai sayar da zare ya cika ha'inci, yaran yanzu ba su iya gaisuwa ba. Matarsa takan ce ko a cikin barci gunaguni yake yi.

Da shekaru suka fara ja, likita ya gano yana da ciwon suga da hawan jini. Daga nan ya zama ɗan gida a babban asibitin garin. Kowane wata yana da ranarsa, ya je a auna shi, a rubuta masa magani, ya karɓa ya dawo shago.

Duk wanda ya taɓa jinya a irin wannan asibiti ya san benci. Dogon bencin katako ne a baranda, daidai ƙofar ɗakin likita. A nan masu suga da hawan jini suke jeruwa tun da sassafe, kowa da katinsa a hannu, ciki babu komai domin sai an ɗauki jini ake karyawa. Fanka ɗaya ce a sama, ita ma tana juyawa kamar an yi mata dole.

A kan wannan benci Rediyo ya samu aikin da ya fi ɗinki dacewa da shi. Ya yi magana a kan ɗakin kati da ba a buɗewa sai rana ta take. Ya yi a kan banɗakin da ke kulle kullum, mabuɗin kuma yana hannun wata ma'aikaciya da ba a taɓa samu a wurinta ba. Ya yi a kan masu zuwa daga baya su shige gaba don kawai sun san wani a ciki.

Kuma mu faɗi gaskiya, yawancin abin da yake faɗa haka yake. Akwai ranar da ya tsaya a ƙofar banɗakin nan yana ta faɗa har sai da aka nemo mabuɗin, tun daga ranar ba a sake kulle shi ba. Tsofaffin da ke kan benci, waɗanda ba su iya ɗaga murya a gaban mai farar riga, suka riƙa cewa shi ne bakinsu.

A cikinsu akwai wani dattijo da ake kira Baba Direba. Ƙaramar motar ɗaukar kaya yake tuƙawa, ya ɗauko daga kasuwa ya rarraba wa masu shaguna, da ita yake riƙe da gidansa. Mutum ne marar yawan magana, ga kunya. Ranar ganin likitansu ɗaya da Rediyo, don haka wanda ya riga zuwa yakan kama wa ɗan'uwansa wuri, idan an tashi kuma Baba Direba ya sauke shi a ƙofar shago. Rediyo yana ce masa Yaya, shi kuma yana ce masa Tela. Ɗaya ya yi ta zuba, ɗaya ya yi ta gyaɗa kai, haka suka shafe shekaru.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa kowane asibiti ya buɗe hanyar jin ƙorafin marasa lafiya. A sa akwatin ƙorafi, a ba da lambar waya, a riƙa tambayar mutane ko sun gamsu da aikin da aka yi musu, sannan a kafa kwamiti da za a sa wakilin marasa lafiya a ciki.

Babban Likitan asibitin ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa. Sai ya miƙa wa Sakataren asibiti komai ya ce ya tsara. Shi kuwa Sakatare mutum ne mai wayo, kuma Rediyo ya daɗe yana hana shi shan iska a ofis. Da aka zo maganar wakili, bai yi dogon tunani ba. Ya ce wa wani abokin aikinsa ai wanda ke jifan gidanka daga waje, ka shigo da shi ciki ka ba shi kujera, da kansa zai fara tsaron ƙofa.

Aka kira Rediyo aka ɗauki hotonsa, aka ba shi kati mai igiya ya rataya a wuya, an rubuta Wakilin Marasa Lafiya da manyan baƙi. Ranar mutanen benci sun yi murna sosai. Wata tsohuwa har addu'a ta yi masa da hannu biyu. Baba Direba ya ce to yanzu kukansu zai isa inda ya kamata.

Ranar zaman farko Rediyo ya shiga ɗakin taro da cikinsa fal da magana. Sanyin na'ura ya fara dukansa tun daga bakin ƙofa. Aka nuna masa kujera mai laushi kusa da Babban Likita. Aka kawo shayi, Sakatare ya ce a ba Wakili nasa daban, an haɗa masa babu suga saboda lafiyarsa. Mutumin da ya saba a daka masa tsawa ta taga, yau shi ake tunawa da irin shayin da zai sha.

Duk da haka ya yi ƙoƙari. Ya kawo maganar ɗakin kati, aka ce ma'aikaci ɗaya ne ke yin aikin mutum uku. Ya kawo maganar fanka, aka ce an rubuta sama ana jiran amsa. Kowace magana da bayaninta, kuma wasu bayanan gaskiya ne. Ya fito yana jin ashe abin ba kamar yadda ake gani daga benci ba ne.

A bakin ƙofa Sakatare ya riƙe hannunsa ya ce bai dace mutum kamar Wakili ya riƙa ɓata lokaci a layi ba. Daga yau idan ranarsa ta zo ya wuce ofis kai tsaye, za a kira likita ya duba shi, a kawo masa maganinsa har inda yake zaune. Kafin su rabu ya ƙara da cewa labulen ofisoshi duk sun tsufa, ko Wakili zai samu lokacin ɗinka sababbi?

Jama'a, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba a rana ɗaya Rediyo ya canza ba. Da farko yakan tsaya a benci ya gaisa da kowa kafin ya wuce ofis. Daga baya ya koma ɗaga hannu daga nesa. Daga baya kuma ya gano wata ƙofa ta baya wadda ba sai ya bi ta baranda ba.

Idan wani ya tare shi da ƙorafi, bayanin da aka yi masa a ɗakin taro shi yake juye wa mutumin, har da ƙari. Ma'aikata sun yi kaɗan. Kayan aiki ba sa isa. A riƙa haƙuri. Bakin nan dai bai mutu ba, alƙibla kawai ya sauya.

Wata rana yana cin abinci a gida, ya ce wa matarsa matsalar ita ce ku marasa lafiya ba ku san wahalar da likitoci ke sha ba.

Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

"Ku? Baban yara, kai ka warke ne ban sani ba?"

Ya ce ba za ta gane ba, harkar ofis ce. Ta ce ita dai ta san mutumin da ta aura yana da suga da hawan jini, idan kati mai igiya yana maganinsu to a samo wa kowa.

A cikin wannan lokaci ne asibiti ya canza yadda yake ba da magani. Da can kowane magani yana zuwa a kwalinsa, na suga kalarsa daban, na hawan jini daban, ko wanda bai iya karatu ba ya san wanne ne wanne. Sai aka koma sayo su a manyan robobi, a ƙirga wa mutum a 'yar leda, a ja layi da biro a bayanta, a miƙo ta wata 'yar taga da ko fuskar mai ba da maganin ba ka gani sosai. Bayanin da zai yi maka kuwa ƙarar janareta ta cinye rabinsa.

Ƙwayoyin biyu duk farare ne, duk ƙanana. Rubutun biro a kan leda kuma ba ya kwana biyu a aljihu sai ya goge.

Shi Rediyo bai san da wannan ba a jikinsa. Nasa maganin a kwali ake kawo masa ofis.

Baba Direba ya jira shi wata safiya a bakin ƙofar baya, domin ya lura ta nan yake bi. Bayan sun gaisa ya ciro ledoji biyu daga aljihu ya ɗora a tafin hannunsa.

"Tela, dubi nan. Wanne ne na suga?"

Rediyo ya juya su, ya ɗaga su sama, ya kasa faɗa.

"To ka gani. Kai da idonka ya saba da kafar allura ka kasa, ina ga mu? Ba ni kaɗai ba ne, duk benci maganar da ake yi ke nan. Ka taimaka ka gaya musu."

Rediyo ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a zama na gaba zai kawo maganar. Baba Direba ya yi godiya ya mayar da ledojinsa aljihu.

Ba shi kaɗai ya yi masa maganar ba. Tsohuwar nan da ta yi masa addu'a ta ce ita yanzu sai ta nemi maƙwabciya ta duba mata. Wani mai gadi ya ce shi ya daina shan ɗaya gaba ɗaya don gudun kuskure. Duk wanda ya yi masa maganar, sai ya amsa masa da za a duba.

Ranar zama ta zo. Shugaban sashen magani yana wurin, mutumin da a satin nan ya kawo wa Rediyo ɗinkin kayan makarantar 'ya'yansa, kuma tun shigowarsa yake tsokanarsa da wasa. Aka bi batutuwa ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan Wakili. Babban Likita ya cire gilashinsa ya tambaye shi abin da mutanensa ke cewa.

Rediyo ya dubi shugaban sashen magani, ya dubi kofin shayinsa. Ya ce babu wani abu mai nauyi, ƙananan maganganu ne na tsofaffi, yawancinsu ba sa tsayawa su saurari bayani.

Babban Likita ya sake tambaya, ya ce an canza tsarin ba da magani kwanan nan, yana so ya ji ko mutane sun saba da shi. Wato ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Rediyo ya ce ai mutum da sabon abu sai a hankali, za su saba.

Sakatare ya rubuta babu ƙorafi. Aka tashi.

Wata na gaba Baba Direba ya sake tare shi ya tambayi inda aka kwana. Rediyo ya ce an kai maganar sama, ana dubawa. Ya ƙara da ba shi shawarar ya sayi gilashin karatu. Dattijon ya ce to, Allah ya sa a dace, ya koma benci ya gaya wa sauran cewa Wakili ya ce ana dubawa, su ƙara haƙuri.

Kafin watan ya ƙare, ɗaya daga cikin ledojin Baba Direba ta fashe a cikin aljihun mota, ɗayar ma bakinta ya buɗe, ƙwayoyin suka haɗu wuri ɗaya. Ya zauna ya ware su da ido gwargwadon iyawarsa. 'Yarsa malamar makaranta ce, tana zaune a can ɗaya gefen gari, bai so ya ɗaga mata hankali a kan 'yan ƙwayoyi ba.

Wata safiya ya loda kwalaye daga kasuwa ya kama hanya. Bai yi nisa ba gumi ya karyo masa, hannunsa ya fara rawa a kan sitiyari, hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa. Allah ya taimake shi ya samu ya gangara gefe ya kashe motar, bai taka kowa ba. Ya buɗe ƙofa don ya sha iska, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya faɗa cikin kwatar siminti da ke bakin titi. Ƙashin ƙugunsa ya karye.

Asibitin nan dai aka kawo shi. Da aka auna, sugan jikinsa ya yi ƙasa sosai, jininsa kuma ya hau. Aka duba ledojin da ke aljihunsa, sai aka gane ya kwana biyu yana shan maganin suga ninki biyu, na hawan jinin kuma ko ɗaya ba ya shiga cikinsa.

Labari ya iske Rediyo a shago. Ya je har ƙofar ɗakin da aka kwantar da Baba Direba, ya hango shi ta taga, ya juya. A gida ya ce wa matarsa ƙaddara ce, ba ta wuce ranarta. Ta ce ƙaddara gaskiya ce, amma ta tambaye shi ko ya kai maganar ledojin nan da ya taɓa ba ta labari. Ya ce ta cika tambaya, ya tashi ya fita.

Bayan 'yan makonni aka sanar da cewa masu bincike za su zo su auna yadda tsarin jin ƙorafin yake aiki. Asibiti ya ɗauki harama. Aka yi wa akwatin ƙorafi sabon fenti, aka wanke baranda, har fankar nan aka goge. Rediyo ya ɗinka wa kansa sabuwar riga.

Shugabar masu binciken wata mata ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da yawan magana. Ta zauna ta saurari Sakatare yana bayani da alfahari: kusan duk wanda aka tambaya ya ce ya gamsu, kuma an yi watanni ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba.

Ta tambayi wa ke yi wa marasa lafiya tambayar gamsuwar. Aka ce ma'aikaciyar jinya. Ta tambayi a wane lokaci. Aka ce yawanci kafin a yi musu allura, domin lokacin ne suke zaune wuri ɗaya. Matar ta tambayi Sakatare ko shi zai ce wa mai riƙe da allura a kansa bai gamsu ba.

Ta ciro wayarta ta kira lambar da aka manna a bango. Can sai aka ji ƙara tana fitowa daga cikin durowar teburin Sakatare. Babu wanda ya motsa har wayar ta gama ƙara ta katse.

Aka kai ta wurin akwatin. An kafa shi daidai gaban teburin ma'aikatan jinya, ta yadda duk wanda ya jefa takarda sai sun ga fuskarsa. Babu biro a kusa, babu takarda, rabin masu zuwa asibitin ma ba su iya rubutu ba. Da aka buɗe, babu komai a ciki sai ƙamshin fenti.

"Asibitin da aka yi watanni babu mai kuka da shi," in ji ta, "ko dai babu marasa lafiya a cikinsa, ko kuma sun fid da rai da ku. Na kuwa ga baranda a cike."

Sakatare ya yi saurin cewa ai suna da abin da ya fi akwati da waya, suna da wakili mai rai daga cikin marasa lafiyar kansu. Ya nuna Rediyo. Matar ta ce madalla, to Wakili ya kai ta wurin mutanensa.

Suka fito baranda, Babban Likita da shugaban sashen magani suna biye. Benci a cike yake kamar kullum. Da mutane suka ga Rediyo, sai hira ta tsaya. Ya yi sallama da muryarsa ta taro, aka amsa can ƙasa-ƙasa.

Matar ta tambayi tsohuwar da ke bakin benci ko ta san wannan mutumin.

"Mun san shi a da," in ji tsohuwar.

Matar ta roƙi ma'aikata su ɗan ja baya. Ta nemi a matsa mata, ta zauna a kan bencin ta ɗora jakarta a cinya. Ba ta tambayi kowa ko ya gamsu ba. Ta ce wa na kusa da ita ya ba ta labarin zuwansa na ƙarshe, tun daga shigowa har fita.

Da farko mutumin ya yi ta alhamdulillahi. Da ya ga da gaske sauraro take, sai ya ciro ledarsa. Na gefensa ma ya ciro tasa. Kafin a jima hannaye sun cika da ledoji masu fararen ƙwayoyi, kowa yana so a ji nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba a dai taɓa tambayarsa yadda zai iya amsawa ba.

A cikin layin akwai 'yar Baba Direba. An sallami mahaifinta yana gida a kwance, ita ta bar aji ta zo karɓar masa magani. Ta ba matar labarin abin da ya same shi ba tare da ta ɗaga murya ba. Sannan ta juya wurin Rediyo.

"Kawu, da babu wakili a asibitin nan, da Baba ya kira ni tun farko, ko ya koma tagar ya tsaya sai an yi masa bayani. Amma da na taɓa tambayarsa, ya ce min an kai maganar sama, ana dubawa, kada in je in tayar da hankalin mutane. Maganarka ya riƙe."

Babban Likita yana jin wannan ya matso. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Rediyo ya ce, "Malam, na tambaye ka. Har na sake tambayarka."

Shugaban sashen magani ya dafe kai. Ya ce da an gaya masa, ai abin bai wuce a manna 'yar takarda mai kala a kan kowace leda ba, ja ga na hawan jini, kore ga na suga, kuma suna da irin takardun jibge a sito. Shugabar masu binciken ta ce shi ma da ya taɓa zagayowa ta wannan gefen tagar da ya gani da idonsa.

Abin haushin ke nan, jama'a. Kafin sati ya zagayo an fara manna takardun. Gyaran da bai ci yini guda ba, shi ne sai da ƙugun dattijo ya karye kafin a yi shi.

Masu binciken sun bar shawarwari, asibiti ya ɗauki wasu. Aka mayar da akwatin lungun da ba a ganin mai jefawa. Aka ba wata ma'aikaciya wayar, da sharaɗin ta riƙa ɗauka. Aka ce marasa lafiya su zaɓi wakilinsu da kansu, kuma duk wanda aka zaɓa ya ci gaba da bin layi ya karɓi maganinsa ta taga kamar kowa. Suka zaɓi wata mai sayar da gawayi, mace mai taurin kai wadda ta ce ita ba ta shan shayi. Ba komai ya gyaru ba, ɗakin kati har yanzu sai ya ga dama yake buɗewa. Amma yanzu akwai allo a baranda da ake rubuta abin da mutane suka kawo da abin da aka yi a kai.

Sakatare kuwa ya wanke hannunsa tas. Ya ce shi ya yi tsari mai kyau, wakilin ne ya ba su kunya. Ya aiki mai gadin asibiti ya karɓi katin daga wuyan Rediyo a bakin ƙofa, a gaban mutane. Sauran labulen aka ba wani telan.

Rediyo ya kwana biyu ba ya fita sai shago. Matarsa ta sa shi gaba da maganar ya je ya duba Baba Direba. Ya ce gobe, ya ce jibi. Ranar da ta gaji ta ɗauko takalmansa ta ajiye masa a gaba, ta ce idan bai je ba ita za ta je ta ce mijinta ya aiko ta domin ƙafarsa ta fi ta mai karaya ciwo.

Ya tarar da motar a ƙofar gida, tayoyin sun sace, an rubuta ta sayarwa ce a jikin gilashi. A ɗaki dattijon yana kwance a kan katifa, ya rame, sandunan tafiya suna jingine a bango. Likitoci sun ce zai taka a hankali, amma maganar tuƙi ta ƙare.

Suka gaisa. Rediyo ya yi ya jiki, ya sake yin ya jiki. 'Yar ba ta gaya wa mahaifinta abin da ya faru a baranda ba, don kada ta ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Baba Direba ya juyo wurinsa.

"Tela, abu ɗaya nake ta juyawa a raina tunda na kwanta. Da ka gaya musu, me suka ce? Wane dalili suka ba ka na ƙin gyarawa?"

Rediyo ya dubi ƙasa. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Ban gaya musu ba, Yaya."

Dattijon ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "To. Ni kuwa duk kwanakin nan likitocin nake riƙe da su a zuciya. Ashe na ɗauki alhakin bayin Allah."

Ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Ya ɗaga murya kaɗan ya kira 'yarsa, ya ce ta kawo wa baƙo ruwa.

Darasi: Idan mutane suka ɗora maka amanar bakinsu, ka sani sun yi shiru ne domin sun dogara kai za ka faɗa. Kunnen da ke nuna yana ji alhali ba ya kai saƙo ya fi rashin kunne illa, domin yana hana mai kuka neman wata hanya. Ku kuma masu riƙe da asibitoci da ofisoshi, kada rashin ƙorafi ya sa ku murna. Ku fito ku zauna inda mutane ke jira, ku tambaye su yadda ba za su ji tsoron amsawa ba. Ku tura wannan labari ga duk wanda aka taɓa ba kujera da sunan wasu, da duk ma'aikacin lafiyar da kuka sani, ko Allah zai sa wani dattijon ya tsira da ƙafarsa.